Butar da Ta Tafasa a Ƙarƙashin Rumfa

Jama'a, idan kuka ga ƙeyata ta yi baƙi wuluk a makon nan, kada ku ce noma na koma. Kimiyya na je kallo a Gashuwa ranar Asabar, kuma tun hantsi har la'asar sakaliya ina tsaye cikin rana kamar an dasa ni.

'Yata Mairam ce ta ja mini. Shekararta shida, kuma ba ta da sana'a sai tambaya. Me ya sa randa take sanyaya ruwa? Ina wuta take tafiya idan an hure ashana? Ni kuwa tela ne, ilimina bai wuce awon wuya da hannun riga ba. To sai ga wata mota mai lasifika ta zaga unguwarmu a Nguru, tana shelar cewa wani kwamiti ya shirya wasan kimiyya don iyaye da ƙananan yara, za a tafasa ruwa da hasken rana, ba itace ba gawayi. Na ji kamar an sauke mini kaya. Na dafa kan Mairam na ce, "Wannan karon ba bakina za ki ji ba, da idonki za ki gani."

Maƙwabcina Abbagana yana jinmu ta kan katanga.

"Wa zai buɗe taron?" in ji shi.

"An ce wani babba."

"To ka tafi da laima da tabarma, ka kuma yi sallama da iyali sosai."

"Haba Abbagana, wasan yara ne fa."

"Malam, a ƙasar nan ko yasar rijiya za a yi sai an jira babban baƙo."

Na yi masa dariya. Allah ya huci zuciyarka, Abbagana.

Ƙarfe goma muna filin. Malama Wasila, malamar kimiyyar da za ta yi wasan, ta riga ta kafa kayanta a tsakiyar rana: wani ƙaton faranti da aka manne cikinsa da gutsattsarin madubi, da baƙar buta a rataye a tsakiya. Yara sun yi mata zobe. Ta ce kowa ya taɓa ruwan ya ji sanyinsa, don kada a ce an yi rufa-ido. Mairam har sau biyu ta tsoma yatsa.

Ana nan sai ga jami'in tsare-tsare, wani Lawal, da kati a wuya da fayil a hammata. Ya ce ba a fara komai sai Rankaidaɗe ya iso. Bai tsaya nan ba, ya sa aka kinkimi farantin aka kai shi ƙarƙashin rumfa, gaban kujerun kushin, domin Rankaidaɗe ne zai buɗe murfin butar da hannunsa mai albarka.

"Yallaɓai, ai da ranar abin yake aiki," in ji Malama.

"Malama, ba a tsayar da babba a rana. Ke kimiyya aka ba ki, ni zaman manya aka ba ni. Kowa ya riƙe nasa."

Gaskiya ban taɓa ganin mai kishin aiki irin Lawal ba. Da irinsa goma muke da su, da tuni an yi wa gonakin fadama rufin kwano don kada shinkafa ta jiƙe.

Rankaidaɗe Uban Taro, Garkuwan Ilimi, Mai Yanka Zare da Almakashin Zinare, bai iso ba sai bayan azahar, da motoci tara. Mu da muka yi layin mai kafin direban motar hayarmu ya tashi muka tsaya muna kallon ikon Allah. Daga nan aka shiga jawabai. Mutum bakwai suka yi magana, kowanne sai ya gaida manyan da ke rumfar ɗaya bayan ɗaya da cikakkiyar sarautarsu, sannan ya ce ba zai tsawaita ba. Wani ya rantse cewa yara su ne manyan gobe. Manyan gobe suna zaune a ƙasa leɓensu ya bushe, manyan yau suna shan lemo mai sanyi.

Da aka zo kan kimiyya, inuwa ta riga ta miƙe har bakin fili. Malama Wasila ta ƙi karɓar abin magana, ta koma gefe ta harɗe hannu. Amma Lawal ba ya yarda ya ji kunya a gaban manya. Ashe ya sa an kunna risho a ƙarƙashin wani tebur da aka lulluɓe da zane kusa da farantin, da wata baƙar buta a kai. Rankaidaɗe yana gyara babbar riga don mai hoto, Lawal ya sunkuya ya musanya butocin. Abin da ya manta shi ne, yara a ƙasa suke zaune, kuma zanen bai kai ƙasa ba.

Rankaidaɗe ya ɗaga murfi, tururi ya tashi, rumfa ta kaure da tafi.

"Baba, ga risho can! Buta biyu ce!" Mairam ta faɗa da iyakar muryarta.

Wata baiwar Allah ta toshe mata baki. Mai gabatarwa kuwa ya sanar cewa a zamanin Rankaidaɗe, ko a inuwa rana tana aiki. Aka sake tafi, motoci tara suka tashi.

Zan faɗa muku abin da ya ci mini rai, ba ƙunar ƙeya ba ce. Daga Gashuwa har Nguru yarinyar nan ba ta yi mini tambaya ko ɗaya ba. Mun wuce raƙuma, mun wuce masu ban ruwa, ta kalle su kawai ta kau da kai. Ni da kullum nake roƙon ta bar ni in huta, ranar na samu hutun, kuma bai yi mini daɗi ba.

Jiya na dawo daga shago na tarar ta jera ƙannenta da 'ya'yan Abbagana a tsakar gida cikin rana. Ita tana ƙarƙashin darbejiya a kan kujerata, ta yafa rigata, ta riƙe muciya a baki tana gaida mahalarta.

"Me kuke yi haka, uwata?"

"Kimiyya, Baba."

"To ina abin da za a gwada?"

Ta dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa ɗan ƙauye. "Baba, ai ba a gwada komai. Zama ake yi."

Saboda haka ina miƙa godiya ga kwamiti. An ce ana so yara su koyi wani abu a wuni ɗaya, kuma tawa ta koya. Likita na so ta zama, amma da alama babbar baƙuwa zan samu.