Yadda Za Ka Zama Injiniyan Unguwa Tun a Zangon Farko

Ka gama sakandare, ka samu gurbin karatun lantarki a poli? Madalla. Za a ce maka sai ka shekara da shekaru kana karatu kafin a kira ka injiniya. Rabu da su. Ni ban taɓa taka poli ba, amma gida ɗaya nake da wanda ya taka, yayana Talha, kuma na sa masa ido tun ranar da ya dawo hutun farko. Bi matakan nan yadda ya bi su. Na yi maka alkawari, kafin hutu ya ƙare ko mahaifiyarka ba za ta ƙara kiran ka da sunan yanka ba.

1. Sayi testa

Ba littafi ba, testa. Ɗan sukundireban nan mai kawo jan haske idan an taɓa wuta da shi. Soka shi a aljihun gaba yadda kansa zai leƙo. Yaya Talha da shi yake zuwa masallaci, da shi yake zuwa ɗaurin aure. Ba sai ka san amfaninsa ba. Masu biro a aljihu ma ai ba duka ke rubutu ba.

2. Canza baki

"An ɗauke wuta" maganar mutanen gari ce. Kai ka ɗaga kai sama, ka tsuke baki, ka ce matsalar boltej ce.

Umma ta ce fankar ɗakinta ta daina juyawa. Yaya Talha ya je ya tsaya a ƙarƙashinta, ya kanne ido ɗaya.

"Kafasita ce, Umma."

"Ita kuma 'yar gidan wa ce?"

"Bayaninta da tsawo."

Har yau da mafici Umma take kwana, amma duk wadda ta shigo gidanmu sai ta ji cewa ɗanta kallo ɗaya ya yi wa fanka ya gano ciwonta.

3. Kada ka gyara komai

Riƙe wannan da kyau. Wanda ya gyara abu, sunansa mai gyara. Injiniya dubawa yake yi. Idan an kawo maka dutsen guga, juya shi, shinshina shi, ka girgiza kai kamar an yi rasuwa, ka ce a bar shi a nan. Tura shi ƙarƙashin gado. Idan mai shi ya dawo, ka ce ana kan bincike. Ba a faɗa da bincike.

4. Nemo wadda za ka burge

Ilimin da budurwa ba ta ji labarinsa ba, asara ne. Yaya Talha ya zaɓi Raihana, 'yar Malam Muhyiddeen mai Islamiyyar unguwarmu. Idan ya je zance, sai ya nuna mata duwatsun garin nan ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa mata yadda zai lulluɓe su da sola har garin Kiyawa da ke maƙwabtaka da mu ya samu haske.

"To Injiniya, kafin nan, cajar wayata ta lalace."

"Sayi sabuwa. Shawarar ƙwararru ke nan."

Ta yi dariya. Shi dai son ta yake da gaske, a nan ne kawai babu ƙarya a lamarinsa. Abin da yake jira shi ne Malam ya ba da izini a turo manya. Malam kuwa ya ce shi ba ya gaggawa, sai ya ga halin yaro tukuna.

5. Idan surukin gobe ya aiko, babu gudu

Ana gobe walimar saukar Alƙur'ani, lasifikar makaranta ta yi shiru. Bayan la'asar Malam ya aika a kira masa Injiniya.

"Allah gafarta Malam, ai kayan aikina suna can poli."

"Wannan na aljihunka fa? Na tsifar kai ne?"

Idan ka kai nan, gyara tsayuwa ka ce: "Ƙaramin aiki ne."

6. Kori kowa

Ka ce wuta ba ta son taro. Yaya Talha ya shiga ɗan ɗakin da amfilifaya take, akwatin nan da ke tura murya zuwa lasifikokin kan rufi, ya turo ƙofa. A tsakar gida mata na ta suyar cincin ɗin gobe, a waje maza na kafa rumfa.

Ya danna kowane maɓalli. Shiru. Ya murɗa duk abin da ke murɗuwa, har ƙarshe. Shiru. Ya dangwala testa nan da can, testan ya kawo ja, shi ma idonsa ya kawo ja. Daga nan ya koma ga hanyar da kakanninmu suka bi da rediyo: ya ɗaga hannu ya sharara wa akwatin mari.

7. Bayan mari, duba abin da ke hannunka

Wannan matakin ne Yaya Talha ya tsallake. Makirfo na hannunsa, ya durƙusa a gaban akwatin ya sassauta murya:

"Don girman Allah ki tashi. Ki rufa min asiri. Wallahi ban san komai ba, zane kawai ake mana a allo, rabinsa ma barci nake. Ni Raihana nake so. In kika kunyata ni yau, shi ke nan tawa ta ƙare."

Ashe tun marin nan ta tashi. Kuma ka tuna ya murɗe komai har ƙarshe.

Cincin ya ƙone a kasko. Masu rumfa suka saki igiya. Mu da ke layi na uku ma tsaf muka ji, Umma ta ce, "Wancan kamar muryar Injiniya."

Malam ya turo ƙofa.

"Na ga mai roƙon Allah, na ga mai roƙon mutane. Yau na ga mai roƙon ƙarfe, kuma an amsa masa."

Yaya Talha ya miƙe, makirfo na nan a hannunsa. Malam ya ci gaba:

"Samari da yawa sun zo nan, kowa da abin da ya iya. Kai kaɗai ka hau lasifika ka ce ba ka san komai ba. Irinka ba zai iya ɓoye wa mace abu ba, ko ya so. Je ka buɗe ido a aji, ka gama karatun nan, sannan ka turo manya."

Wannan ma duk unguwa ta ji. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Daga cikin gida aka jiyo Raihana: "Abba, don Allah a kashe abin nan!"

Malam ya ce, "To Injiniya, kashe ta."

Yaya Talha ya daɗe yana kallon maɓallan. Sannan muryarsa ta sake karaɗe unguwa:

"Allah gafarta Malam, kashewar ba a koya mana ba tukuna."

Gargaɗi

Wanda wuta ta ja, wanda ya ƙona talabijin ɗin maƙwabta, wanda ya mari na'ura ta rama, kada ya doso ƙofar gidanmu. Ni faɗa kawai na yi, ba ni na ce ka ji ba. Idan magana ta kai gaban mai unguwa, ban san ka ba, ban iya rubutu ba. Yaya Talha ma tun ranar nan, idan muka haɗu a waje, gaisuwa kawai muke yi.