Majinyatan Aro na Farfesa Ba-Kuskure

"Masu tantancewa? A aljihu zan zuba su, in haɗa da makullin mota," in ji Farfesa Ba-Kuskure, mai makarantar koyon likitanci da ke bayan kasuwar katako. Farfesancin nan kuwa, ɗan'uwa, shi ya naɗa wa kansa.

Ɗalibai sittin ne a shekarar ƙarshe. In hukuma ba ta amince da makarantar ba, takardar shaidarsu ko ƙunshin gishiri ba za ta yi ba, shekara shida ta tafi a banza. Sun sha roƙonsa ya ɗauko malamai na gaske, ya gyara ɗakin gwaji. Ya ce su zuba ido, harkar ta masu kai ce. Ni dai tausayin yaran nan nake ji har yau.

Ana gobe baƙi za su zo, gogan ya aro madubin duba ƙwayoyin cuta goma daga babban asibiti, ya sa wa surukinsa mai faci farar riga. Gadaje ba majinyata, sai ya kwantar da maigadi, direba da masu shara, aka manna musu robar ƙarin ruwa da filasta.

Shugabar tawagar wata dattijuwar likita ce daga babban asibitin, mara yawan magana. Ta juya madubi ɗaya, ta ga lambar sashenta a gindinsa. Ta ce tun jiya take cigiyarsa, an gode da ajiya. Farfesa ya yi yaƙe, ya ja su ɗakin majinyata.

Ya nuna gadon maigadi, yana cikin bayanin cewa wannan bawan Allah kwana uku bai san inda kansa yake ba, sai mota ta yi hon a waje. Maigadi ya diro daga gado, ya ruga buɗe ƙofa yana jan ƙarfen ƙarin ruwa. Direba ya rufa masa baya, don motar matar Farfesa ce.

Farfesa ya jiƙe da gumi, ya dafe ƙirji, ya zube. Aka juya ga mai farar riga, ya ce shi taya kawai ya iya dubawa. Dattijuwar ta yafuto ɗaliban.

"To, ga majinyaci na gaske. Bismillah."

Wata ɗaliba ta durƙusa za ta duba shi. Farfesa ya buɗe ido ɗaya.

"Likita, don girman Allah kar ki bari su taɓa ni. Ni na san abin da muka koya musu."

Dattijuwar ta zare murfin biro.

"Maimaita a hankali, Farfesa. Da shi zan buɗe rahoton."