Ƙarfen Sadiya a kan awarata

Ba zan taɓa mantawa ba da kakar bara waccan. Ruwa ya sauka yadda ake so, waken suya ya cika mana ɗaki, kowa ka gani a Gaya fuskarsa a sake. A shekarar ce babban ɗana (ba na kama sunansa, kun san ɗan fari) ya dawo gida da matarsa Sadiya, malamar asibiti, siririya kamar a hure ta ta faɗi.

Cikin kayanta akwai wani baƙin ƙarfe mai mariƙi, kamar buta marar baki. Ketulbel take ce masa, wai na motsa jiki ne. Kullum da sassafe sai in hango ta a bayan ɗakinta tana lilo da shi tsakanin ƙafafunta. Ni ba mai yawan magana ba ce. Amma a raina na ce wadda ba ta taɓa riƙe taɓarya ba dole ta nemi abin wasa.

Wata Asabar tana wurin aiki na dafa awara, na nemi dutsen da nake danne ta da shi na rasa. Sai na mirgino ƙarfen nan da ƙafa, na tura shi kan katakon da na ɗora wa awarar. (Ku lura, ban ɗaga ba. Shi ya sa ban san halinsa ba.)

La'asar sai ga taubashiyata Asabe daga Toranke da wasu mata biyu. Muna cikin gaisawa Sadiya ta yi sallama, idonta ya sauka a kan awara.

"Mama, bari in ɗauke miki, yana da nauyi."

Asabe ta ce, "Au, surukarki ce ke ɗauke miki kaya yanzu? Tsufa ya zo."

Ni da aka sani da haƙuri, sai na ji bakina yana cewa, "Shekara talatin ina daka, 'yar nan. Wannan ɗan abin?"

Na sunkuya ƙafafu a miƙe, na fizgo shi. Bayana ya ce ƙas. Ƙarfen bai motsa ba, ni ma haka. Na tsaya kamar mai ruku'u, ga zanina ya fara kwancewa, a gaban baƙi, a gaban suruka.

"Ke, an idar tun ɗazu, ki ɗago," in ji Asabe.

Sadiya ba ta yi ko murmushi ba. Ta sha gabana ta kare ni daga idonsu, ta gyara mini zani, ta lallaɓa ta kwantar da ni a tabarma. Sannan ta lanƙwasa gwiwa, ta tura ƙugu baya, ta ɗauke ƙarfen da hannu ɗaya kamar ƙwaryar fura.

Ta ce da su, "Ai Mama ta fi ni ƙarfi, tsayuwar ce ba a nuna mata ba. Da ƙugu ake ɗauka, ba da baya ba."

Da furfurata na koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci. Ashe ɗaukar kaya ma sai an koma aji.

Washegari na soya awarar (gaskiya ba ta taɓa dannuwa haka ba), na dafa bango har ƙofar ɗakinta, na miƙa mata kwanon. Na ce, "Sadiya, in bayan nan ya warke, ko ƙarfen nan naki akwai ƙaraminsa?"