Rasuwar Na-Dauran, Keken Malam Gwadabe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa wuya ga abin da ba shi da makawa, iyalan Malam Gwadabe na Kaura Namoda suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kekensu, Na-Dauran. Liman ya ja kunnen Malam cewa keke ba ya rasuwa, lalacewa yake yi. Malam ya karɓi gyara, amma bakinsa ya kasa furta waccan kalmar.

Marigayin ya shigo gidan ne tun zamanin mahaifin Malam, wanda ya saye shi a hannun wani manomi a Dauran, daga nan sunan ya samo asali. Ya yi rayuwa ta ƙana'a. Ba a taɓa ganinsa a layin gidan mai ba. Abincinsa iska, ita ma sai an ba shi. Ya ɗauki buhun gero, ya ɗauki akuya, ya kai Malama Indo, matar Malam, awo tun tana amarya, kuma duk abin da zai ce bai wuce ƙiiƙ, ƙiiƙ ba, sai ƙirrin idan ya hango rami. A ƙarshen rayuwarsa sarƙa takan zame masa ba gaira ba dalili, birkin baya kuma ya koma sai nasiha.

Babban aikin da za a tuna shi da shi na ilimi ne. Malam Gwadabe yana neman digirin digirgir a wata jami'a, kuma kundinsa a kan matsayin keke ne a zirga-zirgar garuruwan Kaura, Shinkafi da Zurmi. Da hanyoyi suka ƙi biyuwa saboda rashin tsaro, sai ya ƙarasa binciken ta waya. Tambayarsa ɗaya ce: kuna hawa keke? Shinkafi ta ce ƙwarai. Zurmi ta ce kullum. Wata tsohuwa a Kasuwar Daji ta ce ita da jikokinta huɗu suke hawa lokaci guda, Malam ya rubuta wannan a babin da ya yi magana kan haɗin kan iyali. Lissafi ya ba shi kashi tamanin cikin ɗari. Gaskiya ne idan ya fita titi ba ya ganin kowa a kan keke sai shi, amma malamin da ke duba kundin ya riga ya koya masa cewa ganin ido ba hujja ba ce a bincike.

Albarkacin wannan lissafi wani kwamitin gyaran gari ya ware gefen titin kasuwa, aka shafa farin fenti, aka kafa allo mai cewa Hanyar Keke. Ranar da aka buɗe ta, Na-Dauran ya bi ta shi kaɗai, kansa a miƙe.

A nan ajali ya same shi. Malam ya jingine shi a jikin allon ya shiga sayen albasa, sai ga Keke Napep ɗauke da fasinja da buhuna, ya biyo farin fentin da cikakkiyar natsuwa ta mai gaskiya. Tayar gaba ta naɗe. Ƙashin baya ya karye gida biyu. Waɗanda ke wurin sun ce ƙararrawar ta yi ƙirrin sau ɗaya, ba da ƙarfi ba, daga nan shiru.

Direban, wani mai suna Sirajo, ya durƙusa har ƙasa.

"Malam, ka yi haƙuri don Allah. Amma hanyar keke anka rubuta. Wanga da ni ka tuƙi, mi as sunanai?"

Malam ya dubi abin mai ƙafa uku, ya dubi wasu goma irinsa da suka jeru a baya suna jiran a kauda gawa su wuce.

"Ni ma ka taɓa kirana ta waya," in ji Sirajo, don ya kwantar masa da hankali. "Na ce maka kullum bisa keke ni ke. Har godiya ka yi man."

Malam ya tsuguna ya tattara abin da ya tattaru.

Marigayin ya rasu ya bar famfo ɗaya, da sirdi mai sauran amfani, da Malama Indo wadda ta ce ita dai ta yafe masa zannuwan da sarƙarsa ta cinye. Ya kuma bar maraya, wato kundi mai babi shida, wanda aka riga aka ɗinke aka aika wa farfesan da zai yi jarrabawar ƙarshe. Farfesan ya karanta, abin ya burge shi matuƙa, ya aiko cewa ba zai sa hannu ba sai ya zo ranar Alhamis ya ga wannan gari na masu keke da idonsa. Malam ya kira shi ta waya, ya yi ƙoƙarin sanar da shi cewa ganin ido ba hujja ba ce. Layin ya yanke.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis ɗin da hantsi. Za a taso daga ƙofar gidan Malam, a bi ta titin kasuwa a hankali, a sada marigayin da makwancinsa wajen 'yan gwangwan. Sirajo ya ɗauki nauyin dakon gawa, an gode masa, an roƙe shi ya bi ta bayan gari. Ba a buƙatar abinci. Abin da iyalan ke roƙo shi ne duk mai keke ya taimaka ya fito da shi rakiya, ya bi ta kan farin fentin daidai lokacin da baƙon zai wuce, in da hali ya zagayo ya sake bi.

Zuwa lokacin fitar da wannan sanarwa mutum uku ne suka yi alkawarin kawo nasu. Biyu teloli ne.