Rasuwar Gidan Fiyus a Hannun Injiniya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗa mai tsami saboda aikin sanda, tsohon mai gyaran agogo, wanda kowa ke kira Mai Agogo, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar gidan fiyus ɗin amfilifayarsa, na'urar ƙara sauti. Ya rasu ranar Talata da hantsi, bayan shekara ashirin da shida a bakin aiki. Kada wani ya zo gaisuwa ya ce tsautsayi ne. Kashe shi aka yi, kuma ƙaramin sani ne ya kashe shi, wanda magabata suka ce ƙuƙumi ne.

Ga wanda bai san marigayin ba, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Jikinsa farin tangaran, haƙoransa biyu na tagulla masu ruwan zinariya. A bayan amfilifaya yake zaune, inda ba mai gaishe shi sai gizo-gizo. Aikinsa ɗaya ne, ya riƙe fiyus, wannan 'yar kwalbar mai zare a ciki, wadda in wuta ta yi yawa zaren ke tsinkewa domin sauran kaya su tsira. Bai taɓa sakin amanar da aka ba shi ba. Bai yi tsatsa ba, bai taɓa sa sauti tari ba. Maganarsa duka a duniya ita ce "ƙyas", in an saka masa sabon fiyus. Da mutum ne, da shi za a riƙa ba ajiya.

Ba don kiɗa Mai Agogo ke tattalin kayan nan ba. Akwai wani kaset guda. A cikinsa marigayiya uwar 'ya'yansa tana tankaɗe, ba ta san ana ɗaukar muryarta ba. Tana yi masa faɗa a kan takalmin da ya bari a bakin ƙofa, can ta gano, ta fashe da dariya ta ce, "Malam, kashe abin nan, kai dai ba ka girma." Shekara tara ke nan da rasuwarta, kuma kullum bayan karin kumallo sai ya sha wannan faɗan. Kaset yana zaune cikin rakoda, rakoda tana haɗe da amfilifaya, dukansu kuwa a bayan marigayi suke fakewa.

Ga yadda ajali ya zo. Mai Agogo yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, mai sayar da katifa. Ya taɓa marin wata fanka ta tashi, tun daga ranar ya naɗa wa kansa suna Injiniya. Shi ne ya sayo sifiku biyu na gwanjo, kowace kamar firji, wai zai girke a ƙofar shago su kira masa masu saye. Ya turo su a baro domin ya gwada su da amfilifayar yayansa, daidai lokacin da yayan ya tafi aski. 'Yar Mai Agogo, malamar jinya, tana wanki a tsakar gida.

"Baffa, ka jira Baba mana, aski kawai ya je," in ji ta.

"Ke, ni da na tada fanka? Ji da wankinki."

Ya fizge ƙananan sifikun gidan, ya ɗaura nasa, ya murɗa sauti har ƙarshe. Gilashin taga ya kama rawa. Nan take fiyus ya tsinke, ɗaki ya yi tsit. Mai hankali a nan yake tsayawa, don in kunne ya ji jiki ya tsira. A saman amfilifayar akwai kwalin ashana mai sababbin fiyus biyar, an rubuta a jikinsa da manyan baƙaƙe. A kan kwalin nan Injiniya ya kife hularsa. An ce matambayi ba ya ɓata, to shi bai tambaya ba.

Sai ya zaro takardar azurfa ta cikin kwalin sigari, ya naɗe mataccen fiyus, ya cusa wa marigayi. Takarda ta yi "fuu" ta zama toka. Gargaɗi na biyu ke nan. Ya waiga ya ga ƙusar da kalanda ke rataye a kai, ya tumɓuke ta daga bango. Ƙusa ta fi bakin marigayi kauri, ta ƙi shiga. Ya ɗauko kwaɗon ƙofa ya buga mata sau uku. A bugu na uku malamar jinya ta ji "ƙaras" daga inda take. Haƙoran da suka shekara ashirin da shida ba su gaji ba, su ne aka tsage.

"Baffa, ƙauri nake ji."

"Ƙamshin aiki ne, 'yar nan."

Ya kunna. Sifika ta farko ta yi gurnani irin na bijimi a hannun mahauci, cikinta ya fashe. Ta biyu ta kama da wuta. Hayaƙi baƙi ƙirin ya tuɗo daga amfilifaya, ƙusa ta yi jawur kamar garwashi, waya ta fara narkewa tana bin hanyar rakoda. A nan marigayi ya yi aikinsa na ƙarshe. Da karyayyun haƙora, ya tsage gida biyu ya ce "tas", ya tofar da ƙusar. Wuta ta yanke. Ƙusa ta sami Injiniya a leɓen sama, ta share rabin gashin baki, ta gangara aljihun gaba inda wayarsa ta salula take. Ya sa hannu ya cafko ƙusar. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa, shi kuwa har da yatsu.

Daga shagon aski Mai Agogo ya ji ƙarar. Ya shigo gida da rabin kai a aske, ƙyallen mai aski a wuyansa. Bai dubi ƙanensa ba. Ya ratsa hayaƙi, ya ɓalle murfin rakoda, ya zaro kaset da zafinsa ya sa a aljihu. Sannan ya juyo da sandarsa.

"Yaya, tsaya ka ji, wutar ce ta zo da ƙarfi."

"To ga wata tana zuwa."

Sanda ta sauka a kafaɗa, ta sauka a gadon baya, ta sauka a ƙwauri. Injiniya ya kewaye kujera sau biyu, ya ci karo da gawar sifikarsa, ya tashi, ya ga ƙofa ta yi nisa, ya bi ta taga da ragar sauro a wuya, ya faɗa cikin bahon wanki. Sandar ta karye a bugu na tara, ita ma ana roƙon a tuna da ita. Malamar jinya ta wanke masa ƙuna da aidin, ba ta hura masa ko sau ɗaya ba.

Da la'asar aka kai kaset motar maƙwabci, direban tasi, aka gwada. Gefe ɗaya na kwanson ya lanƙwashe. Aka ji ƙarar rariya, aka ji faɗan takalmi, aka ji dariya, ba abin da ya ragu. Mai Agogo ya ce wa direba ya ɗan fita ya ba shi wuri.

Marigayi ya bar amfilifaya ɗaya, tana kwance a wurin mai gyara, wanda ya ce za ta tashi amma ba za ta koma kamar da ba. Ya bar rakoda, da ƙananan sifiku biyu, da marayun fiyus biyar a kwalin ashana, ba su da inda za su zauna. Ya bar wani tsoho da zai ci gaba da shan faɗa kowace safiya saboda shi.

Za a binne shi gobe da ƙarfe goma na safe, cikin gwangwanin ajiye ƙananan kayan agogo, a gindin gwabar bayan ɗaki. Kada a zo da kiɗa. Duk mai ƙusa a aljihu ya ajiye ta a waje. Injiniya ne zai haƙa ramin, da hannun hagu, tunda na dama a naɗe yake. An yarda ya halarta ne kawai don hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Domin ya zama darasi, ga abin da ya tafi masa: sifiku biyu, waya ɗaya, riga ɗaya, hula ɗaya, rabin gashin baki, fatar yatsu biyu, zama a kan kujera na mako guda, da shiga falon yayansa har iyakar rayuwa. Sunan Injiniya kuma an karɓe. Daga yau Mai Katifa ne.