Ranar da na sa wa turken Faransa riga

Ni ne da laifi, gara in faɗa da bakina tun ba a tambaye ni ba. Ko sunan garinmu zan manta, ba zan manta da ranar da na kwashi iyalina da surukina muka tafi zagaya tafki ba.

A shekarun nan ne kafin mulkin kai, Ingilishi na riƙe da mu a Jibiya, Faransa na riƙe da Maraɗi. Ni yaron mota ne a lokacin, muna ɗauko gyaɗa daga can mu kai Kano. A wajen wannan kai da komo na ga wani abu ya shiga raina. Ran Lahadi sai ka ga Bature da matarsa da 'ya'yansa sun fita daji da ƙafa, ba itace za su yi ba, ba farauta ba, tafiya kawai. Su zauna gindin itace su ci abinci su dawo. Na ce ni ma sai na yi. (Wanda ya saba hawa kan buhunan gyaɗa gani yake ya fi kowa ganin duniya.)

Akwai wani tafki arewa da gari, tsakanin duwatsu, inda aka tare bakin kwari da ƙasa domin dabbobi. Bayan damina yakan cika fal, kanya da tsamiya da marke sun kewaye shi. Nan na zaɓa. Da na gaya wa matata Binta, cewa ta yi tafiyar da ba ta da wurin zuwa ai ta mahaukata ce. Sai da na ambaci tsamiya da kanyar da za ta tsinto sannan ta yarda. Yaranmu biyu kuwa tun da suka ji suka hana kowa sakat.

Ban tsaya nan ba, na aika aka gayyato mini mahaifinta, Baba Nomau, don in burge shi. Asalinsa mutumin wajen Maraɗi ne. Yana saurayi ya gudo daga aikin tilas na Faransa, da tabon bulala a bayansa, ya kuma yi rantsuwa cewa ƙafarsa ba za ta sake taka ƙasar da Faransa ke mulki ba. Ya riƙe rantsuwar nan gam, har ƙanwarsa ta rasu a can bai je ba, a ƙofar gidansa ya karɓi gaisuwa. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Hanyar taka, ba ta shiga Faransa?"

Na dafa ƙirji na ce ko kusa. Gaskiyar magana, daga saman mota kawai na taɓa hango tafkin.

Muka fita da sanyin safiya. Na sa babbar rigata baƙa, rinin Kano, wadda shi Baban ya ba ni ranar sunan ɗanmu na fari. Binta na ɗauke da ƙwaryar fura da tabarma, yara na gaba suna tsere. Kai, tafiyar ta yi daɗi. Muka hau dutse muka hango ruwa shimfiɗe yana ƙyalli, balbelu sun yi fari a bakinsa. Zabin daji suka tashi gabanmu, birai suna jefo mana kanya kamar an aiko su. Binta da ta ce aikin mahaukata ne, ita ce mai kiran mu mu zo mu ga furen bado. Baba ya sami sassaƙen da ya daɗe yana nema don gwiwarsa, har ya ce wa jikokinsa ubansu ya san daji. Na ji kaina ya yi girma kamar tulu.

Da muka kai rabin zagaye sai na yi gaba, wai in duba hanya. Ina hawa wani tudu na gan shi: turken iyaka, an shafe shi da farar ƙasa, yana tsaye can gefen hanya. Na san shi sarai, irinsa muke wucewa kullum da mota. Bakin tafkin na arewa duk a Faransa yake.

Nan ne ya kamata in koma in ce mu juya. Amma na riga na cika baki a tashar mota cewa zan zagaye tafki da iyali kamar Bature, kuma yabon da Baba ya yi mini bai huce a kunnena ba. Sai na tuɓe rigar nan na lulluɓe turken da ita. Daga nesa sai ka ce kututture ne da wuta ta ci. Na dawo da 'yar shara, na ce zafi ne ya dame ni na rataye riga a itace, zan ɗauko ta gobe. (Binta ta dube ni, irin duban nan da ba ya buƙatar magana.)

Muka wuce lafiya, babu wanda ya waiga. Muka shimfiɗa tabarma gindin wata tsamiya, aka dama fura. Ni na koma bayan itacen da tawa, tun da ba a ci gaban suruki. Baba ya yi sallar azahar, ya miƙe ƙafafu, ya ce iskar wurin nan tana tuna masa da gida. Na ajiye furar ban ƙarasa ba.

Ana haka sai ga mai doki da jar hula, ɗan sandan Faransa da ake kira gardi. Na san shi, shi ke duba motarmu a kan iyaka. Rigata na saɓe a wuyan dokinsa. Ya yi sallama ya gaida Baba da ladabi, sannan ya ɗaga rigar yana ƙunshe dariya.

"Neman mai kyauta nike. Wani ya ga turken kumandan tsirara, ya tausaya mai ya sa mai riga. Ko kun san shi?"

Ɗanmu na fari ya ce ta babansa ce, kaka ne ma ya ba shi.

Baba bai dube ni ba. Sai ya tambayi gardin, a hankali, nan ina ne. Gardi ya ce ai tun daga tudun can suna cikin Faransa, barka da zuwa. Sai na ga tsohon nan ya janye ƙafafunsa ya naɗe su bisa tabarma, kamar wanda ya ga kunama. Tabarmar dai saƙar Jibiya ce, ita kaɗai ta rage masa.

Gardi ya ga abin ba na wasa ba ne, ya sauka ya ce Baba ya hau doki ya kai shi iyaka. Baba ya ce dokin ma na Faransa ne. Binta ta ɗauki ƙwaryarta, ba ta kalle ni ba, ta ce wanda ya kawo shi ya mayar da shi.

Haka na durƙusa na goya surukina. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, wanda nake cire takalmi tun daga nesa in na hango shi, ga shi a bayana, gemunsa na sukar wuyana. Na hau tudu ina nishi, yara na tsalle suna cewa su ma sai an goya su, gardi na biye da mu yana riƙe da riga. Wasu Fulani masu shayar da shanu suka tsaya kallo har shanun suka watse. Muna wuce turke ya ce, "Sauke ni."

Kafin magariba labari ya riga mu isa tasha. Limamin unguwa ya gaya wa Baba cewa wanda aka kai bai sani ba, babu kaffara a kansa. Duk da haka ya yi azuminta. Ni kuwa na yi ta zillewa, ina gaya wa kowa kuskuren hanya ne. Na dai koyi cewa riga tana rufe turke, amma iyaka tana nan inda take.

Abin da ya karya ni, Binta ta ce Baba yana ta kare ni a wajen mutane, wai yaro ne bai san dajin ba, ya rataye rigarsa ne ba da sani ba. Na kasa haɗiye wannan. Ranar da ya kai azuminsa na je ƙofar gidansa bayan la'asar, na tuɓe takalmi na tsuguna, kaina a ƙasa.

Na ce, "Baba, ba ɓata na yi ba. Na ga turken da idona, na kuma san ko na mene ne, na rufe shi don kada ka gani. Na sa son a yaba mini gaba da rantsuwarka. Ka yafe mini."