Mahaɗin Ankon da Na Tura wa Dangin Miji

Har yau ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwar mijina ba, tun ma kafin a kai ga ranar bikin. Atamfa da leshi nake sayarwa a gida, a Ƙofar Marke, kuma ƙawata Madam Rahila, malamar kwamfuta, ta buɗe mini shafin intanet na kyauta. Tun daga nan nake jin kaina (har "mu 'yan onlayin" nake cewa a gidan suna).

Da aka ba ni fitar da anko, sai na ce ai an wuce zamanin yawo da ƙyalle a leda. Na ɗora kala huɗu a shafin, na rubuta adireshin da ka, na tura zauren dangin miji na waya. Na ƙara da cewa: "Kowa ta duba ta zaɓi wanda ya kwanta mata. Ni dai na ukun nake so, ya fi laushi." Na taɓa mahaɗin, wato adireshin da na tura, na ga ya fara buɗewa, na ajiye waya na koma tuƙa tuwo.

Ashe na tsallake harafi ɗaya.

Ban gama kwashe tuwo ba surukata ta kira. "Ɗiyata, mi kinka aiko muna?"

"Anko ne, Inna."

"To, ankon ga gemu gare shi."

Na buɗe. Shafin neman miji ne, wallahi. Maza jere reras, na ukun wani Bature mai sanƙo yana murmushi a bakin teku. Ga kuma maganata a ƙasa, kowa ya karanta (har da yayan mijina, limami).

A keke-napep na isa wurin Rahila a unguwar Gidan Igwai ina share hawaye, ina cewa an yi mini kutse. Rahila ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan ta ce ba kutse ba ne. Masu ba da adireshin ne suka tsara duk sunan da aka rubuta ba daidai ba ya faɗa shafin tallarsu, maimakon a ce babu shi. "Shi ya sa wayarki ba ta gargaɗe ki ba," in ji ta. Ta gyara, ta kuma yi wa zauren bayani da muryarta.

Amma Inna ce ta fitar da ni. Kafin tsegumi ya kama, ta tura murya: "Na duba su duka, ba wanda ya kai ɗana. A turo atamfa." Aka yi ta dariya, limamin ma ya sa baki, maganar ta mutu a nan. Allah ya saka wa matan nan biyu da alheri.

Yanzu kowane mahaɗi sai na jira ya buɗe tas, na gani da idona. Kuma na daina yabon kaya kafin in ga abin da na tura.